Sa fitila a akwatin kayan aikin a-kori-kura: daga ina ake jawo wuta, kuma me ke jawo gobara?

Masu a-kori-kura da ke ɗora dogon akwatin kayan aiki a bayan mota suna yawan yin tambaya ɗaya: idan mutum yana son haske a cikin akwatin nan, daga ina zai jawo wuta, kuma dole ne sai an sa fis alhali fitilar ba ta fi ɗan yatsa kauri ba? Amsoshin da ake bayarwa sun sha bamban. Wani zai ce a laƙa a wayar fitilar baya, nan da nan an gama. Wani ya ce a'a, sai dai daga kan batir. Na uku ya ce kowa ya huta, a sayi mai caji a manna. Kowannensu yana da hujjarsa, amma yawancin gardamar a kan fitila ake yin ta, alhali fitilar ce mafi ƙanƙantar matsala a cikin aikin. Abin da ke cinye batir ko ya narkar da roba har mota ta kama wuta shi ne wayar da ke tsakanin batir da akwatin.

Wutar da ke cikin mota da wutar da fitila ke sha

Kalmomi uku sun isa a fahimci zancen. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Wat kuwa abin da na'ura ke ci ne, kuma ana samun sa idan aka ninka bolt da amfiya. Yawancin a-kori-kura bolt 12 suke amfani da shi. Batirin da ya cika yana nuna kusan 12.6 idan inji a kashe yake, da an tayar da mota kuma altaneta ta fara caji sai ya haura zuwa wajen 14 ko ɗan sama da haka. Manyan motocin dakon kaya da wasu tsofaffin motocin dizal bolt 24 ne, don haka a duba kafin a sayi komai.

Fitilar LED mai kama da zare, irin mai ƙananan ƙwayoyi 60 a kowace mita, tana cin kusan wat 5 a mita ɗaya, wato ƙasa da rabin amfiya. Mai manyan ƙwayoyi tana iya kaiwa wat 14 a mita, amfiya ɗaya da ɗan ɗoriya ke nan. Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, mai wat 21, yana jan amfiya 1.75 shi kaɗai, kuma yawancin abin da yake ci zafi yake mayar da shi.

To, a ɗaya gefen akwai batir. An ƙera shi ne don ya juya inji, saboda haka yana iya sakin amfiya 500 ko fiye a lokaci guda. Batir bai san cewa ɗan haske kawai ake nema ba. Abin da aka buɗe masa hanya ya bayar, shi zai bayar.

Fis ba fitila yake karewa ba

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ɗauka fis don fitila aka yi shi, don kada ta ƙone, shi ya sa za ka ji an ce ai ba ta da tsada, in ta mutu a sayi wata. Waya fis yake karewa.

A ɗauki siririyar waya mai kaurin milimita 0.8 a murabba'i, wadda a ma'aunin Amurka ake kira lamba 18. An jawo ta mita shida daga batir zuwa bayan mota. Fitila na jan amfiya ɗaya, wayar ko ɗumi ba ta yi. Sai wata rana girgizar hanya ta sa bakin ƙarfe ya ci robar wayar, jan ƙarfen ciki ya taɓa bodi. Tunda bodin mota gaba ɗayansa a haɗe yake da baƙin kan batir, wato kan da ke da alamar (–), wuta ta samu gajeriyar hanya ke nan, ba ta ma bi ta fitila ba. A lissafi, wannan wayar za ta iya ɗaukar abin da ya kusa amfiya 100 a wannan lokacin. Cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta yi jawur daga farko har ƙarshe, robarta ta narke, duk abin da ke kusa da ita ya kama: wasu wayoyin, shimfiɗar mota, bututun mai. Kuma wannan na iya faruwa da tsakar dare mota tana ajiye, makulli na aljihun mai ita, saboda wayar da aka jawo daga kan batir ba ta san an kashe mota ba.

Shi ya sa wurin da aka sa fis ya fi girmansa muhimmanci. Fis ba ya kare komai sai wayar da ke bayansa. Idan aka sa shi can cikin akwati kusa da fitila, kamar yadda wasu ke yi don ya yi saukin canzawa, mita shidan nan duka a buɗe suke. Dole ya kasance dab da batir. Masu haɗa na'urorin sauti a mota suna bin ƙa'idar kada ya wuce santimita 45 daga kan batir, masu aikin jiragen ruwa kuwa sun fi tsanantawa, wajen santimita 18. Gwargwadon kusancinsa, gwargwadon kwanciyar hankali.

Girmansa kuma a daidaita shi da aikin. Fitilar da ke jan amfiya ɗaya, fis mai amfiya 2 ko 3 ya ishe ta, 5 shi ne iyaka. Fis ɗin mota mai ƙafa biyu launinsa ke faɗin ƙarfinsa: mai 2 ruwan toka ne, mai 3 shunayya, mai 10 ja, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. Wanda ya sa kore a kan siririyar waya don shi ya samu a kusa, tamkar bai sa ba ne, domin wayar za ta riga fis ɗin gajiya. Kuma idan fis ya yanke, ba laifi ya yi ba, aikinsa ya yi. A nemo inda waya ta haɗe. Musanya shi da babba, ko naɗa masa zaren waya, gyaran gangar Auzinawa ne.

Daga ina za a ɗebo wutar?

Wannan ne asalin inda ake sa-in-sa, kuma kowace hanya tana da abin da take bayarwa da abin da take ƙwacewa.

Masu cewa daga batir kai tsaye hujjarsu ita ce, lokacin da mutum ya fi buƙatar hasken akwati shi ne lokacin da mota take a kashe: taya ta yi faci da dare, ko ana neman sifana a wurin aiki bayan magariba. Wayar batir kullum da wuta, kuma ba ta shiga harkar kowace na'ura ta motar. A ganina wannan ce hanya mafi tsabta, in dai an sa fis inda ya dace. Illarta ɗaya ce, mantuwa. Batirin a-kori-kura yakan ɗauki abin da bai wuce amfiya-awa 60 zuwa 90 ba, wato amfiya da aka ninka da awannin da aka yi ana jan ta. Ƙwan fitila mai wat 21 da aka bari a kunne awa 12 zai kwashe kusan 21 daga ciki. LED mai jan rabin amfiya sai ta yi kusan kwana biyu kafin ta yi irin wannan ɓarnar, amma dai za ta yi, kuma a cikin rufaffen akwati babu mai ganin tana ci. Batirin tayar da mota kuma ba ya son a riƙa sauke shi ƙasa sosai, kowace saukewa tana rage masa kwana.

Hanya ta biyu ita ce akwatin fis na motar. Akwai wata 'yar na'ura da ake cusawa a gurbin fis, mai ɗaukar fis biyu, ɗaya na asalin layin, ɗaya na sabuwar wayar. Da ita ba a yanka wayar kowa. Sai dai ƙafafun fis iri-iri ne, akwai manya, akwai ƙanana, akwai masu gajerun ƙafa, sai a zaro na motar a gwada kafin a saya. Sannan a zaɓi layi da hankali. Wasu gurabun kullum da wuta, wasu sai an murɗa makulli, kuma tasta ce za ta bambance su. Layin birki, na jakar iska, da na ƙwaƙwalwar inji, waɗannan ba wurin raɓe ba ne. Layin soket ɗin caji ko na fitilar cikin mota ya fi dacewa.

Hanya ta uku, wadda ta fi jan hankalin mai gaggawa, ita ce laƙawa a wayar da ke kusa: fitilar baya, ko fitilar da kamfani ya sa a bayan kan mota don haska wurin kaya. A tsohuwar mota wannan yana aiki lafiya lau, sai dai fitilar akwati ba za ta kama ba sai an kunna waccan. A sabbin motoci kuwa labarin ya canza. Fitilun ba daga makunni kai tsaye suke samun wuta ba, wata ƙaramar kwamfuta ce ke raba musu, kuma a motoci da yawa tana auna abin da kowane layi ke ja don ta gane idan ƙwai ya mutu. Idan ta ga kaya sun ƙaru, tana iya kunna alamar gargaɗi a gaban direba, ko ta yanke layin gaba ɗaya. Wasu motocin kuma ba wuta miƙaƙƙiya suke aika wa fitila ba, kunnawa da kashewa suke yi da sauri ƙwarai don daidaita haske, sai ka ga LED ɗin da aka laƙa tana ƙyaftawa. Amfanin layin fitilar wurin kaya shi ne, a motoci da dama yana kashe kansa bayan ɗan lokaci, wanda ya magance mantuwa. Amma kafin a taɓa wayar sabuwar mota, a nemi zanen wayoyinta, ko a bar wa rewaya wanda ya san irinta. Daga cikin wayoyin nan akwai tagwaye a murɗe da juna waɗanda saƙo suke ɗauka tsakanin kwamfutocin motar, huda su da tasta kawai na iya jawo aikin da ya fi kuɗin akwatin.

Akwai ta huɗu da ake yawan mantawa da ita: soket ɗin tirela da ke ƙarƙashin bayan mota. Mai baki 7 irin na Amurka yana da baki ɗaya na wutar bolt 12. Mai baki 13 irin na Turai kuwa, lamba 9 kullum da wuta, lamba 10 sai an kunna mota. Idan kamfani ya riga ya haɗa su, to wuta ta riga ta iso baya. Abin lura, fis ɗin wannan layin babba ne, an yi shi don waya mai kauri, don haka siririyar wayar da za a reshe daga nan tana buƙatar nata ƙaramin fis a daidai inda aka reshe ta.

Makunnin da ke aiki da kansa

Makunnin hannu shi ne mafi sauki, kuma shi ne ke haifar da mantuwar da aka ambata. Shi ya sa mafi yawan masu wannan aiki suka fi son wanda murfin akwati ke sarrafawa.

Na farko shi ne mai tsinke, irin wanda ke jikin ƙofar mota: murfi ya danne shi fitila ta mutu, ya ɗaga ta kama. Yawancinsu waya ɗaya gare su, domin ba wayar wuta suke yankewa ba, hanyar komawa bodi suke yankewa ta jikin ƙarfen da aka ɗaura su. Wannan na nufin abu biyu. Dole akwatin kansa ya kasance a haɗe da bodi sosai. Sannan idan fitilar mai gidan ƙarfe ce da ke samun bodi ta wurin sukurorinta, ba za ta taɓa mutuwa ba, duk yadda aka danne tsinken. A kuma sa shi a lungun da filaya ko jak ba za su gangaro su lanƙwasa shi ba.

Na biyu mai maganaɗisu ne, kuma a nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Irin da ake sa wa ƙofofin gida don ƙararrawar ɓarayi, yawancinsu suna haɗa wuta ne lokacin da maganaɗisu ke kusa. Ka sa shi a akwati, sai fitila ta kama idan an rufe, ta mutu idan an buɗe. Wanda ake buƙata shi ne mai yin akasin haka, ko mai baki uku da ke ba da zaɓi. Kuma bakin cikinsa siriri ne ƙwarai, da yawansu ba sa jure fiye da rabin amfiya. Idan aka ɗora masa doguwar fitila, bakin na iya mannewa, fitila ta zauna a kunne har batir ya ƙare. Maganin shi ne a sa shi ya riƙa kunna rile, wato makunnin da 'yar wuta kaɗan ke sarrafawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya, rilen ya ɗauki nauyin.

Na uku shi ne mai aiki da karkata, wanda ake mannawa a jikin murfi. Na da zaiba ce a cikinsu, irin waɗanda ke kunna fitilar but da ta ƙarƙashin bonet, kuma kamfanonin mota a Amurka sun daina sa su tun daga motocin shekarar 2003 saboda gubarta. Na yanzu ɗan ƙwallon ƙarfe ne a ciki. Suna da saukin sawa, amma a hanya mai gargada ƙwallon na tsalle, fitila na ta ƙyaftawa a rufe.

Wanda ya fi natsuwa ya haɗa biyu a jere: na murfi, da na hannu a gabansa. Ranar da za a yini ana aiki akwati a buɗe, sai a kashe na hannun.

Hanyar da wuta ke komawa

Wuta ba ta aiki sai ta samu hanyar komawa batir, kuma yawancin fitilun da ke kamawa yau su ƙi gobe, a nan ciwonsu yake. Mutum ya ga akwati na ƙarfe ne, yana zaune a kan mota ta ƙarfe, sai ya ɗaura baƙar waya a jikinsa ya ce an gama. Amma akwatin yawanci a kan roba yake zaune don kada ya ci fenti, ƙugiyoyin da suka riƙe shi ma fenti suke taɓawa. Gadon motar kansa wani lokaci an lulluɓe shi da roba mai kauri. Haɗuwar da ake samu ta sa'a ce, girgiza ke kawo ta, girgiza ke kai ta.

A jawo baƙar waya ta musamman har zuwa notin da ke jikin shasi, a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da zoben waya, sannan a shafa giris a kai don ruwa. A sabbin motoci da yawa akwai na'urar auna wuta a jikin baƙin kan batir, don haka an fi so a ɗaura a bodi maimakon a kan batirin kansa, don motar ta san duk abin da ake ja. Wani abin kuma, akwatuna da dama na alminiyam ne, har ma akwai motar da jikinta na alminiyam ne, kamar Ford F-150 tun daga ta 2015. Inda alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe cikin danshi, yana cin kansa ya yi farin gari, haɗin ya lalace a hankali.

Inda waya za ta bi

Wayar gida mai sanda ɗaya ba ta yi a mota, girgiza ke karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Mai zaruruwa da yawa ake so. A saka ta cikin bututun roba mai tsaga, a bi da ita gefen shasi tare da wayoyin kamfani, a ɗaure ta kowane taku, nesa da salansa da duk wani abu mai juyawa. Tsakanin kan mota da gadonta a bar ɗan sassauci, domin su biyun ba tare suke motsi ba, wayar da aka ja tam a nan za ta tsinke ko ta goge.

Duk ramin da waya za ta ratsa a sa masa zoben roba. Kafin a huda gadon mota kuwa, a leƙa ƙasa tukuna: a a-kori-kura da yawa tankin mai yana nan ƙarƙashin gaban gadon, daidai inda akwatin ke zama, ga bututun birki a kusa. Sau da yawa ma akwai ramukan da kamfani ya bari, ba sai an yi sabo ba. Idan wayar za ta shiga akwati ta gefe, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau ramin, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a waje.

Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin salatif ba haɗi ba ne, zafi zai saki gam ɗin cikin 'yan watanni. A matse da maƙalin waya, ko a yi dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Kuma duk wannan aikin ana yin sa ne bayan an cire baƙin kan batir, fis ɗin shi ne abu na ƙarshe da za a cusa.

Fitilar kanta, da waɗanda ba sa buƙatar waya

Idan aka manna fitila a cikin murfi, tana haska ko'ina idan ya ɗaga, amma wayarta za ta riƙa lanƙwasa a wurin hinji kullum, kuma hasken na dukan ido. Ƙarƙashin leɓen akwati ta gefen da mutum ke tsayawa ya fi: haske na faɗawa kan kaya, waya ba ta motsi. Zaren LED na bolt 12 ana yanka shi ne kawai a wurin alama, bayan kowane ƙwayoyi uku, kuma bakin da aka yanka dole a rufe shi, don jan ƙarfensa na iya taɓa jikin akwati. Gam ɗin bayansa ba ya jure zafin akwatin da ya yini a rana, gara a sa shi cikin 'yar kwatar alminiyam a ɗaure da sukuru. A nemi mai alamar IP65 ko IP67 saboda ƙura da raɓa. Mai rubutun bolt 10 zuwa 30 ta fi jure wutar mota mai hawa da sauka fiye da wadda aka yi don 12 cif. In aka haɗa ta ƙi kamawa, kafin a zarge ta a juya wayoyin, LED ta gefe ɗaya kawai take karɓar wuta.

Masu ajiye jarkar fetur a cikin akwatin su yi tunani sau biyu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a rufaffen wuri, makunnin tsinke kuma yana ɗan tartsatsi a daidai lokacin da aka ɗaga murfi. Jarka wurinta waje ne.

Wanda kuwa sai jifa-jifa yake buɗe akwatinsa da dare, fitila mai caji ko mai ƙananan batura, irin mai kamawa da ta ji motsi, ta ishe shi, kuma ba ta taɓa batirin mota. Sai dai mai maganaɗisu a baya ba za ta manne a akwatin alminiyam ba sai an liƙa mata ɗan faifan ƙarfe, kuma zafin rufaffen akwati yana saurin kashe batirin litiyam.

Ga wanda ya zaɓi waya, gwaji ɗaya ya rage bayan an gama. A kunna bidiyon wayar salula, a ajiye ta cikin akwati, a rufe murfi, a girgiza motar kaɗan, sannan a buɗe a duba ko fitilar ta mutu da gaske. Mai mitar auna wuta kuma ya zare fis ɗin, ya sa bakunan mitar a gurbinsa a ma'aunin amfiya, murfi a rufe. Sifili ya kamata ta nuna.